Sammacin Mai Gyaran Agogo

Yana ɗaure igiyar takalminsa a bakin ƙofa na zare takardar daga hannunsa.

"Baba, ina zuwa da kayan fita haka?"

"Inda suka kira ni mana. Ƙarfe goma suka ce."

Baba Mai Agogo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago a bakin layinmu. Sammacin daga hukumar binciken masu halasta kuɗin haram ya fito. Ɗan ƙanensa ne ya ari asusunsa na banki, wai nasa ya sami matsala. Cikin kwana uku miliyoyi suka shiga suka fita, gogan kuma ya yi layar zana.

Ni takardu nake bugawa a ofishin wani lauya. Amma a layinmu "Lauya" ake kirana, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba, don daɗi nake ji.

"Wanda ya kai kansa wurin nan ba ya kwana a gida," na ce. "Cire takalmin. Kotu za mu je ta soke sammacin."

"Ni fa ban ci komai ba, Lauya. In je in faɗa musu gaskiya, in dawo in buɗe shago."

Matarsa Inna ta leƙo daga tsakar gida. "Malam, ka ji maganar masu ilimi mana."

Ya dube ni, ya sunkuya ya kwance igiyar.

Da na kai wa maigidana, lauyan da nake wa aiki, takardar, ko zama bai ce in yi ba. "Sammaci ba tuhuma ba ne," ya ce. "Kotu ba ta hana mai bincike yin tambaya, sai in ba huruminsa ba ne ko an nuna mugun nufi. Nan babu ko ɗaya. Ka ce wa tsohon ya je, ni zan raka shi kyauta."

Ban faɗa wa Baba ba. Na riga na cika baki a gaban duk 'yan layi cewa sai na yaga takardar nan a kotu, ina zan sa fuskata? Sai na nemo wani lauya mai neman aiki ido rufe, muka shigar da ƙara.

Sati bakwai muka yi muna jira. A sati na uku jami'ai biyu suka kawo sammaci na biyu har shago, a motar hukuma, da rana tsaka. Daga ranar mutane suka fara zuwa karɓar agogonsu. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce.

Wata rana na same shi zaune a shago, gilashin aiki a goshi, tebur fayau.

"Yau mutum huɗu suka karɓi nasu, ko buɗewa ban yi ba," ya ce. "Lauya, in mun ci shari'ar, ka sa su rubuta cewa ba hannuna. Babban rubutu. In manna a ƙofar nan."

"An gama, Baba."

Ranar shari'a, alƙali bai yi minti biyar ba. Abin da maigidana ya faɗa shi ya maimaita, ya kori ƙarar, ya ce mai ƙara ya je ya amsa tambayoyi. Na dawo na tarar da Baba yana jirana a bakin titi, sai na ji bakina ya ce, "An ɗage." Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba.

Bayan kwana biyu ya yanke jiki ya faɗi a shago. Likita ya ce hawan jini ne. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Da aka share makoki na ɗauki takardar shaidar rasuwa na kai hukumar da kaina. Jami'ar da na tarar ta buɗe fayil, ta daɗe tana dubawa.

"Allah ya jiƙansa. Ai shaida muka kira shi. Tambaya uku ce, ya sa hannu, ya tafi. Me ya hana shi zuwa?"

"Shawara aka ba shi."

"Wa ya ba shi?"

Na kauce wa tambayar. Na ce, "Ranki ya daɗe, ko za a rubuta cewa ba hannunsa? Layi biyu kawai."

"Da bayaninsa ake rubuta wannan," ta ce a hankali. "Ba mu da shi."

Na fito daga ofishinta, na zauna a bencin jira. Aka kira wani dattijo ya shiga, yana ta goge tafin hannu a riga. Ban gama ninke takardar da ke cinyata ba ya fito. Ya mayar da bironsa aljihu, ya tambayi mai gadi inda ake samun mota zuwa kasuwa.