Ruwan Tokar da Na Ɗiga wa Namadi

Mijina Namadi mutum ne da in ya ji magana a waya da Faransanci to ta zama gaskiya, ko da na faɗa masa ita da Hausa tun bara. Ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, a nan Tasawa, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Da aka ce sukarinsa ya hau, ga ƙwayar hawan jini da yake haɗiya kowace safiya, sai abokin aikinsa Abdurrahman ya koya masa wani tsarin cin abinci wai shi keto. Ba tuwo, ba fura, ba shinkafa. Nama, ƙwai, mai da ganye kawai. Mutumin da aka yaye da fura ya koma kallon ƙwaryata kamar na dama guba.

A sati na biyu ƙafafunsa suka fara ɗaurewa. Ko a sujada sai jijiyar sha-raɓarsa ta murɗe, ya kasa ɗagowa. Na tsorata, na ce ya daina.

"Abu, ba ki gane ba," in ji shi. Sunana Zeinabou, shi kaɗai ke ce mini Abu. "Gishirin jiki na ka hita da hitsari. An ce in nemi potasiyum."

"Mi ne ne shi?"

"Abun masu ilimi na," ya ce, ya ci gaba da latsa waya.

Wannan magana ta ci mini rai. Ni ma na yi lakwal har aji shida, kuma ban manta ranar da mushe, malamin ajinmu, ya ce ruwan tokar da uwayenmu ke sa wa miya sunansa potas ba. Potas, potasiyum, ai ɗan uwa ne da ɗan uwa. Na kira Inna a Gidan Amumune, ta aiko mini da tokar karan hatsi cikin buhu. Na zuba a gwangwani mai huji, na kwara ruwa, ya tsiyaye ja kamar shayi. Na fara ɗiga masa a miyar kuka. Ban gaya masa ba, don na san zai ce kayan ƙauye ne.

Kwana uku ɗaurewar ta tafi. Ya riƙa yabon keto a gaban baƙi, ni ina murmushi a madafa. Daɗin da na ji ya sa na ƙara hannu. Daga cokali na koma ludayi, har a ruwan zoɓon da ba sukari da yake tafiya da shi biro.

Ranar wata Talata bayan azahar ya dawo gida yana jan ƙafa. Ya zauna kan tabarma, ya ce in miƙo masa buta, ya kasa riƙe ta. Na ɗora hannu a ƙirjinsa. Zuciyar na bugawa, ta yi shiru, ta sake bugawa, kamar mai daka da ta gaji. Tsoron da ya kama ni ban taɓa jin irinsa ba. Maƙwabcinmu Ɗanbaba ya kai mu asibiti a motarsa.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Aka ɗauki jininsa, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Da takardar ta dawo sai ta dube ta, ta dubi Namadi.

"Malam, ƙodarka ta yi rauni, sukari ya daɗe yana cin ta. Yawan nama bai taimaka mata ba. Amma potasiyum ɗin da ag ga jininka ya kai inda zuciya ka iya tsayawa. Ƙwayar tansiyon da kake sha tana riƙe shi, ƙoda kuma ba ta iya hidda shi. Mi kaka sha?"

Ya lissafa mata da muryar da da ƙyar take fita. Nama, ƙwai, zogale. Ya rantse bai sayi wani magani ba.

"Akwai abin da ba a hwaɗa mani ba," ta ce. "In ban san shi ba, lalube za ni yi."

Ina tsaye a bakin gado, gyalena ya jiƙe da gumi. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Na ji zuciyata na ba ni wannan shawara, kuma har yau ina jin kunyar na saurare ta, ko da na ɗan lokaci ne. Sai na kalli layin da ke tsalle a na'urar, na ga ya yi wani irin lanƙwasa.

"Ruwan toka ne," na ce. "Ni nis sa mai. Kwana goma sha biyu."

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambayi yawansa, na kwatanta mata da ludayi, ta juya ta fara ba da umarni. Aka yi masa allurai, aka ɗaura ƙarin ruwa. Namadi ya juyo da kansa. Idonsa kawai yake kaina.

Da la'asar bugun ya ɗan daidaita. Ta ce dole a wuce da shi Maradi, can za a ga ko ƙodar za ta farfaɗo ko sai an riƙa wanke masa jini da inji. Na tambaye ta wanne ya fi yiwuwa. Ta ce ba ta sani ba.

A cikin motar asibiti, mun wuce Gazawa, ya ce yana jin ƙishi. Na tsiyaya ɗan abin da aka yarda ya sha a murfin gora, na tallafo kansa. Shekara goma sha tara duk abin da ya shiga bakin mutumin nan daga hannuna ya fito, bai taɓa dubawa ba. Ya tsaya yana kallon murfin.

"Abu," ya ce a hankali, "ruwa ɗai na?"

Na kai murfin bakina na kurɓa yana gani, sannan na miƙa masa.