Ruwan da Yaya Ta Ɗebo

Yaya ba ta taɓa yarda da matar ƙaninta Dogo ba. Ba ta kama ta da wani laifi ba, shirunta ne kawai ke tsaya mata a wuya. Mutum ka yi masa faɗa ya ce "to", ka gasa masa magana ya ce "to", ai wannan akwai abin da ya ƙulla a ciki. Ko sunanta Yaya ba ta kira, sai dai "matar Dogo".

Dogo a rumfar gyaran kifi ta bakin teku yake aiki, inda mahaifinsu ya tsufa, inda ita ma Yaya ta kankare kifi har ciwon baya ya zaunar da ita. Ranar da abin ya faru kwando ne ya suɓuce masa, ƙayar kifi ta tsage shi a idon sawun dama. Yankan bai kai a kira shi ciwo ba. Ya yi abin da kowa ke yi a rumfar, ya tsoma ƙafar a ruwan teku, ya ɗaure da tsumma, ya koma kan wuƙarsa. Haka suka gada. Duk wanda ya yanke, a cika masa jarka da ruwan teku ya tafi gida yana jiƙa ciwon safe da yamma. Gishiri, in ji su, ba ya barin ƙazanta.

Washegari ƙafar ta kumbura ta yi ja, zazzaɓi ya rufe shi. Yaya ta zo dubiya. Tana shigowa tsakar gida ta hango matar Dogo a bakin magudana, tana waige-waige tana tuttule jarkar. Kusa da ita ga roba, ga buta tana hayaƙi.

"Me kike zubarwa?"

Matar Dogo ta firgita. "Ruwan ne, Yaya. Wari yake yi. Na dafa masa wani, na sa gishirin girki."

"Gishirin girki! Miya za ki yi da ƙafar ƙanena?"

"Ni da za a ji tawa, asibiti za mu. Tun jiya nake roƙonsa."

"Shi ya sa kike waige-waige?"

"Faɗanki nake gudu."

Yaya ta ɗaga robar ta sunsuna. Ba ta ji komai ba, wannan kuwa ya ƙara tayar mata da hankali, don a saninta mugun abu ba ya wari. Ta watsar da ruwan, ta fizge jarkar, ta kama hanyar rumfa da bayan nan nata mai ciwo. Ba ta yarda kowa ya ɗebar mata ba. Da kanta ta tattare zane ta shiga gefen da ruwan ya kwanta, inda rana ta ɗumama shi, don ruwan ɗumi ya fi sauke kumburi. Ta dawo ta zauna a gaban gado, ta tsoma ƙafar Dogo, tana buɗa bakin ciwon da yatsa don gishiri ya ratsa.

"Wayyo, Yaya, wuta ce!"

"Daure, magani ne ke aiki. Namiji da kai."

Matar Dogo na tsaye a bakin ƙofa, ta haɗe hannuwa. Yaya ta juya mata baya, ta kāre robar da jikinta.

Kafin la'asar wasu ƙuraje manya, baƙi-baƙi, cike da ruwa, sun feso a ƙaurinsa. Dogo ya fara sambatu, yana kiran mahaifinsu da ya daɗe da rasuwa. A nan ne Yaya ta daina musu. Maƙwabci ya kawo mota, aka kinkime shi. Ita kuwa, don kada a ce ta bar wani abu a hannun matar nan, ta suri silifas ɗinsa ta rungume.

A asibiti wata likita ta zo da alƙalami mai kauri, ta zagaye iyakar jan a fatar. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai. Da ta dawo dubawa, jan ya tsallake layin ya haura. Ta kira Yaya da matar Dogo gefe, kusa da wani benci mai fenti a kankare.

Yaya ba ta jira ba. "Likita, a auna jininsa. An sa masa wani abu." Ta faɗa tana kallon inda take so a kalla.

"Dafi ne kam, Mama," in ji likitar, "amma ba na hannun mutum ba. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a ruwan teku, musamman inda ya yi ɗumi. In suka samu ƙofa a fata sai su shige."

"A cikin gishirin?"

"Gishirin gidansu ne. Kin ga, naman jikinmu an gina shi da 'yan ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani, kowace da fatarta. Su waɗannan ƙwayoyi suna fitar da dafin da ke huda fatar jakar, ruwa ya shiga, ta kumbura ta fashe. Wani dafin kuma ciki yake shiga ya rushe ta. Har ƙwayoyin jinin da ke zuwa kai ɗauki ba ya bari. Baƙin nan da kuke gani, nama ne da ya riga ya mutu." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Bayan yankan, ruwan teku ya sake taɓa ciwon?"

Fankar sama na ta ƙara. Yaya ta ƙara ƙanƙame silifas ɗin.

"Mun wanke masa da shi," in ji matar Dogo.

"Shi ya jawo?" Muryar Yaya ta fito siririya, kamar ba tata ba.

"Wataƙila tun a yankan farko suka shiga. Wataƙila ƙarin ya ƙara musu yawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba. Abin da na sani, in dafin ya cika jininsa za mu rasa shi. Sai mun cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, yanzu."

Yaya ta buɗe baki za ta ce likitocin zamani sun fi mahauta son wuƙa, sai ta tuna layin alƙalamin, ta rufe. Matar Dogo ce ta ce a yi.

Aka tura shi ciki. Suka zauna a benci, tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Yaya sai juya kalma ɗaya take yi a ranta. "Mun". Me ya sa ta ce "mun"? Ajiya ta yi, ba shakka. Za ta bari sai ya warke, sai ranar da dangi suka taru, sannan ta kwance mata zane a tsakiyarsu.

"Za ki faɗa masa?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"In faɗa masa me, Yaya? Ke ma so kike ya tashi."

Yaya ta juyo ta ƙura mata ido, tana laluben tarkon. Ta duba baki, ta duba idanu. Babu komai sai gajiya da busasshen hawaye. Da ta samu mugunta ko kaɗan ce a fuskar nan, da ta ji sauƙi.

Sai da dare ya yi nisa nas ta leƙo. "Ya farfaɗo. Mutum ɗaya zai iya shiga."

Yaya ta yunƙura bisa sabo, sai ta koma ta zauna. Matar Dogo ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta dubi silifas ɗin da ke rungume a ƙirjin Yaya, ta sa hannu a hankali ta zare na hagu.

"Zai buƙaci wannan in an sallame shi."

Ta shige, ƙofa ta rufe. Yaya ta zauna riƙe da na dama, ta rasa inda za ta ajiye shi.