Koren Layi a Fuskar Lauratu

Mu'awiyya yana da shagon haɗa bidiyon biki a Kebbe, kusa da tasha. Ya ɗauki auren rabin garin, ya tace, ya sa kiɗa. Bidiyo ɗaya ne bai taɓa zama ya tace ba, na bikin sunan ɗan ƙanwarsa Lauratu, domin aikin gida ba ya gudu. Lauratu ta rasu bara. Bidiyon na cikin kwamfuta, kwamfutar kuwa ta daina nuna komai tun ranar da katin da ke fitar mata da hoto ya ƙone.

Sai likitan ido a Tambuwal ya ja shi gefe ya gaya masa cewa ganin mahaifiyarsu yana tafiya, kuma ba zai dawo ba. A hanyar gida, tana bayansa a kan babur, Inna ta ce, "Ina son in ga Lauratu ga babban gilashin kwamfutar nan naka. Waya ba ni ganin komi cikinta."

Sabon kati ya fi ƙarfinsa. A intanet ya samu wani mai sayar da na hannu a Legas, da araha, hoton da ke kan shafinsa kuwa na wata mota ne, ba fuskarsa ba. Mu'awiyya ya yi difloma, ya san ƙa'ida: mutum ya kunna katin, ya turo bidiyonsa yana aiki, sannan a biya. Da wannan niyya ya kira.

Mutumin ya ɗauka da sallama, da Hausa tsaf. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Ana cikin gaisuwa bakin Mu'awiyya ya zame ya ambaci idon Inna. Mutumin ya yi salati, ya yi doguwar addu'a, ya ce tasa mahaifiyar ma haka ta yi fama.

A wajenmu, wanda ya gama yi wa mahaifiyarka addu'a ba ka juyowa ka ce masa kunna in gani. Mu'awiyya ya ce amin, ya biya.

"Ka ga katin na aiki?" in ji Ziyad, mai gyaran waya a shagon da ke jikin nasa.

"Mutumin kirki ne."

"Ni ban tambaye ka ko ɗiyarka za ka ba shi ba."

An bai wa direban wata motar albasa saƙon. Direban ya ajiye shi a tashar Tambuwal wajen mai shayi, mai shayi ya tafi ta'aziyya Jabo, ruwa kuma ya ɓata hanya. Kafin kwalin ya iso Kebbe, Inna ta fara gane masu shigowa gida da murya.

Kwalin biskit ne, katin na ciki an naɗe shi da jarida, da ɗan tsatsa a gefe. Mu'awiyya ya sa shi, ya kunna, gilashin ya kawo haske. Bai tsaya gwada komai ba, ya hau babur ya tafi ɗauko Inna.

Inna ta ɗaura zanen da take zuwa unguwa da shi. Ya rufe ƙofar shago saboda hasken rana, ya matsa mata kujera dab da gilashin. Ya kunna bidiyon, Lauratu ta fito daga ɗaki riƙe da jariri, tana yi wa wata dariya. Ba ta kai tsakar gida ba korayen layuka suka sauko mata, fuskar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai. Murya dai tana fita lafiya.

Inna ta matsa gaba. Ta goge idonta da bakin mayafi, ta sake dubawa.

"Kore nika gani," ta ce. "To. Ya ƙare ke nan."

"Inna, ba idonki ba ne. Katin ne. Wallahi ni ma haka nika gani."

"Allah shi yi maka albarka. Kai tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba."

Ya leƙa ya kira Ziyad. Ziyad ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya dubi gilashin, ya rantse cewa kore ne, har ya ƙara da cewa tun farko ya faɗa.

"Kai ma an haɗa baki da kai, ɗan nan," in ji Inna. "Na gode."

Bayan kwana biyu Mu'awiyya ya yi abin da girman kai ya hana shi tun da fari: ya je Tambuwal ya roƙi aron kati wajen wani mai sana'a irin tasa, wanda ba sa ga maciji da shi. Aka ba shi, tare da nasiha. Hoto ya fito tas, har ana ganin lallen hannun Lauratu.

Ya je ya gaya wa Inna. Ta ce ba za ta sake zuwa a nuna mata abin da ya same ta ba, sau ɗaya ya isa. Ya lallashe ta har ta yarda ta hau babur, amma da suka shiga shagon sai ta juya kujerar da kanta, ta bai wa gilashin baya.

"Ƙara muryar," ta ce.

Ya ƙara. Lauratu ta ratsa tsakar gida, fuskarta fes, tana cewa a kawo wa baƙi ruwa. Shi kaɗai ya gan ta.