Azumin Damaris

Yafet ne ke kula da ma'aikata a siton citta na Madam Stella da ke Kafanchan, inda mata ke tsaga ɗanyar citta su shanya ta a rana. Mutum ne mai ido a kan buhu, ba a kan fuska ba. Da ya ga hannun Damaris ya yi sanyi, ita da a da babu mai kamo ta wajen tsaga, sai ya wuce ofis kai tsaye.

"Madam, matar nan tana jan mu baya. Gara a sallame ta kawai."

Madam ta dube shi ta saman tabarau. "Me take ci da rana?"

Yafet ya yi turus. Ina ruwan citta da cikin mutum? Amma tambayar ta maƙale masa, sai ya fara sa ido. Da tsakar rana matan kan baje kulolinsu, wannan pate, waccan tuwon acca, ana ci ana shewa. Damaris kuwa takan ɗauki Littafinta Mai Tsarki ta koma gindin mangwaro. In an ce ta zo a ci, sai ta yi murmushi ta ce tana azumi. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ya koma ofis yana jin kansa ɗan sandan ciki. "Na gano, Madam. Azumi ne."

"Wace ikilisiya ce ta sa azumi yanzu?"

Bai sani ba. Sai da ya bi ta bakin wani ɗan acaɓa na Kagoma, garin su Damaris, ya ji cewa cittar gonar mijinta ta ruɓe kaf a ƙasa bana. Da ya kawo labarin, Madam ta ture kofin shayinta gefe. Abin ya ɗaure masa kai, don duk sito an san ba ta wasa da shayi.

Washegari Madam ta wuni ba ta sa komai a baki ba. Da yamma ta sa aka kira Damaris, ga babbar kula a kan tebur. Yafet ya ƙirƙiri aikin gyaran sikeli a bakin ƙofa.

"Maman Asher, ni ma na shiga azumi," Madam ta ce wa Damaris, tana kiran ta da sunan ɗanta. "Kuma ba na iya buɗe baki ni kaɗai. Ki taimake ni, kullum war haka."

Suka yi addu'a. Damaris ta kai loma biyu, sai ta ajiye cokali. Kunya ta kama Yafet har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ki ci mana," Madam ta ce.

Damaris ta sunkuyar da kai. "Madam, zan iya kai sauran gida? Yaran ma suna azumi."