Inna Ba Ta Duban Ɗan Fari

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bai sake ni ba.

Kafin in kwanta na baza hotunan Inna a kan tabarma. Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma abin da ban gaya wa kowa ba, fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga mayafi da awarwaro, fuska kuwa babu. Shi ya sa na nemi Malam Sidi mai zanen mutane da fentin ruwa. Ya ce in kai masa hoto ɗaya da safe, wanda take duban gaba, da haske a fuskarta. To, ni ɗan fari ne, kuma ni ne mai ɗaukar hoto a gidanmu. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ita ce za ta zuba wa kyamarata ido? Haba!

Ina rufe ido sai ga ni a tashar mota da tsakar rana. An kife motocin duka, fasinjoji na zaune a kan tayoyi suna jiran hanya ta zo ta wuce. Ruwan sama na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa, kowane ɗigo da launinsa, mata na tarar sa da kifaffun kwanoni. Ban yi mamaki ba, sauri nake yi.

Wata zabuwa mai tabarau tana zaune a tebur tana tantance hotuna. Na miƙa mata na farko.

"Wannan ai ƙeya ce," in ji ta.

"Ƙeyar uwata ce, ranki ya daɗe."

"Layin ƙeya yana can bayan masallaci. Kawo wani."

Na miƙa na biyu, na ranar sunan 'yata. A nan har hancin Inna ya fito. Zabuwa na ɗaga shi, Inna ta ja mayafi daga cikin hoton ta rufe. A na uku kuwa Inna tashi ta yi tsam ta fice daga hoton, ta bar kujera.

"Malam, kana ɓata mini lokaci," in ji zabuwa, ta buga wa kujerar hatimi.

Sai ga ni a tsakiyar kogi, ina tafiya a kan busasshen ruwa. Malam Sidi na tsaye da tsintsiya a hannu maimakon buroshi, gabansa wata jiƙaƙƙiyar takarda mai faɗin zanen gado.

"Ina hoton?"

"Ta ƙi tsayawa."

"Ka ga takardar nan ta fara bushewa daga gefe. In ta bushe, shi ke nan, ko kai ba za ka ƙara tuna ta ba."

Na zura da gudu, ƙafafuna na gaba, ni ina biye.

Tsakar gidanmu na Funtuwa. Inna na daka, ta ba ni baya. Na zagaya ta dama, gidan duka ya juya tare da ita, har rijiya da kaji. Na zagaya ta hagu, haka. Na yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, gumi na keto mini.

"Inna, don Allah don Annabi, sau ɗaya tak!"

Ba ta fasa dakan ba. "Turmi," ta ce, "gaya wa yaron can ya daina kewaya ni, jiri yake sa ni."

Turmi ya yi gyaran murya. "Wai ka daina kewaya ta."

"Na ji! Ai da kunnena!"

"Ni dai ɗan aike ne," in ji turmi.

Malam Sidi ya leƙo ta kan katanga da takardarsa, saura tafin hannu ta bushe. Ya ce, "Kai ma da wauta. Juya mata baya."

Na juya, ina duban bango, raina a ɓace. Sai dakan ya tsaya cak. Na ji wani ɗumi a ƙeyata, irin wanda na sha ji tun ina yaro ina fita makaranta, ina zaton rana ce. Tsintsiyar Malam Sidi ta hau gudu a kan takarda.

"Tabarkalla," yake cewa, "ka ga ido! Haka take kallonka kullum?"

Na kasa daurewa, na waiwaya.

Ƙwarangwaram! Matata Asabe ce ta yar da murfin tukunya a kicin. Gari ya waye tangararan, hotuna na nan a baje inda na bar su.

Na durƙusa na sake bin su. Akwai ɗaya da na jefar gefe tun farko, na ranar da na gama makaranta, wani abokina ya ɗauka. Ni na cika tsakiyarsa, ina wage baki. Can a kusurwa, bayan kafaɗata, ga Inna, ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, mayafi ya zame mata ba ta ma sani ba. Ni take kallo.

Malam Sidi na gani ya ɓata fuska, ya ce ai ba gaba take duba ba. Na ce ya zana ta haka nan.