Sunan da Malam Bai Taɓa Kamawa Ba

Afra'u ce ke kula da sabar ƙungiyar manoman Rano da Kibiya, wato babbar kwamfutar da membobi ke shiga ta waya su duba rabon iri da taki. Ita ta rubuta wa sabar ɗan shiri mai gadi: duk wanda ya gwada shiga ya kasa, saƙo zai faɗo wayarta, in kuwa ya nace sai a rufe masa ƙofa. Yawanci ɓarayin intanet ne daga ƙasashen da ko sunansu ba ta iya faɗa. Bayan azahar, in zafi ya kwantar da ofis, takan jingina ta lumshe ido, ta riƙa ganinsu tsaitsaye a bakin zaure, ba sallama sai ƙwanƙwasa.

Ran nan sai ga wani daban. Daga Kibiya yake, daga wayar mahaifinta, Malam Gwadabe, tsohon sakataren ƙungiya. A gurbin sunan mai shiga an rubuta Baraka. Can kuma Baraka. Baraka dai. Shiri kuwa ina ruwansa da uban wani, ya datse shi.

Baraka mahaifiyarta ce, ta rasu bara waccan. Kun dai san mazan da da kunya: tsawon zamansu Malam bai taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "mutanen gida". Dama kwanan nan yana neman hularsa tana kansa, 'yan'uwa na dariya wai tsufa ne. Afra'u kuwa tsoronta ɗaya, kada hankalinsa ne ke sulalewa.

Ta shiga motar Kibiya. Gonakin dawa na ta wucewa a hankali kamar cikin barci, ita ko tana ta addu'a Allah ya sa jikoki ne suka yi wasa da wayar.

A gindin mangwaro ta same shi shi kaɗai, yana danne-danne.

Ta durƙusa. "Baba, sannu da hutawa."

Ya ɗago da fara'a. "Yauwa 'yammata. Kin iya abin nan? An ce a rubuta suna. Na yi ta rubutawa, ba ta fito ba."

"Baba, ni ce fa. Afra'u."

"Madalla, suna mai daɗi." Ya miƙo mata wayar da hannu biyu. "Taimaka mini, 'yar albarka. In kin koma gida ki gaida mahaifinki."