Fim Mai Koren Kwali

Ina da wani hali da ba na musu a kansa: ba na ganin kyan abu sai an daina yin sa. Lokacin da fim ɗin kyamara mai koren kwali ya cika shaguna, ni ne kan gaba wajen kushe shi. Ranar da kamfanin ya daina yi, na wayi gari babban masoyinsa. Na kwaso guda ashirin na jera a firij, kusa da maganin tarin yara. Shekara tara ina lallaɓa su, har saura ɗaya.

"Maigida, wannan gawar taka yaushe za a yi jana'izarta?" in ji matata duk sanda ta buɗe firij.

Dogo, mai hoton da shagonsa ke kallon nawa, sabon fim mai rawayan kwali yake sawa. Kullum sai mun yi musu. Ni na ce tsohon ya san fatar baƙin mutum, sabon kuwa sai ya fito da kai kamar wanda aka sallamo daga asibiti jiya.

"Malam, kai da baki kake ɗaukar hoto," in ji Dogo. "Fito da tsohon fim ɗin naka mu gwada. Wanda ya faɗi, ya daina koya wa mutane launi a layin nan."

Na yarda, don masu hoto huɗu na tsaye suna ji.

Gwaggona muka zaunar bakin taga da jan mayafi. Na ɗauki hoto talatin da shida, Dogo ma haka.

"Ku gama, 'ya'yan nan, wuyana ya ƙage," in ji ta.

Bayan kwana biyu mai wankin hoto ya shimfiɗa hotuna biyu a kan kanta, ba wata alama a bayansu. Na gyara tabarau, na ɗauki na hagu.

"Ku dubi kumatun nan. Ku dubi jan nan, bai yi ihu ba. Na daman kuwa, kamar an yi wa Gwaggo hoda da toka."

Na kai minti goma ina bayani. Har mutum biyu suka fara gyaɗa kai.

"Ka gama, ranka ya daɗe?" in ji mai wankin. Ya zaro dogon fim ya ɗaga wa fitila. Fes, ko inuwa babu. "Wannan ne naka. Da ka sa shi a kyamara, harshensa bai kama ba, ko motsi bai yi ba."

Hotunan biyu duk na Dogo ne.